Naman da Ban Yanka Ba

A unguwarmu ta New Bell, idan aka ajiye wa mutum nama a gabansa, abin da yake fara tambaya shi ne, "Wa ya yanka?" Idan aka ambaci wanda ya sani, sai ya yi bisimilla ya kai loma. Idan aka yi shiru, ko aka ce ai daga kasuwa ne, nan take zai tuna cewa cikinsa ba ya masa daɗi tun safe. Douala gari ne da ake cin abubuwa da yawa, har da waɗanda ban san sunansu ba. Shi ya sa ba ma wasa da wannan tambaya. Kuma ba takarda muke so a nuna mana ba, mutum muke so a ambata.

Ni na daɗe ina cikin waɗanda ake ambata. Tsire nake yi a bakin titi kusa da masallacinmu, sana'ar da na gada wurin mahaifina, wanda ya zo daga arewacin Najeriya tun ba a haife ni ba. Ba don na fi kowa iya gashi aka san ni ba. Da wasuwasi aka san ni. Ni ne mutumin da ke komawa gida daga rabin hanya don ya duba ƙofar da ya san ya kulle. Nakan sake alwala don ban tabbata ruwa ya taɓa gwiwar hannuna na hagu ba. Matata takan ce ko aljanna aka ba ni, sai na tsaya a bakin ƙofa ina tambaya ko ba a yi kuskuren suna ba. Wannan hali yana wahalar da ni, amma shi ya sa mutane suka yarda da wuƙata.

Wata rana ana ruwa, sai ga wata mata 'yar ƙasar Sin, irin waɗanda muke kira Shinuwa, ta tsaya a gaban tukubata da lema. Tana da gidan abinci a kan hanyar da ta fita daga unguwarmu zuwa Akwa. Da Faransancinta mai gutsure-gutsure da nawa na kasuwa muka fahimci juna. Ta ce kullum tana ganin alhazai suna wucewa ta ƙofarta, su leƙa, su shaƙi ƙamshi, su wuce. Da ta bincika aka ce mata sai ta samo mai yanka. Ta shiga kasuwa tana tambayar wanda ya fi kowa tsanani, duk wanda ta tambaya sai ya yi dariya ya kwatanta mata ni.

Ban amsa mata a ranar ba. Sai da na je wurin limaminmu, dattijo mai haƙuri wanda ya saba da tambayoyina. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Abin da ka yanka da hannunka, ko aka yanka kana tsaye, shi za ka shaida. Abin da ba ka gani ba, kada ka ɗora wa wuyanka."

Na koma wa madam da sharuɗɗa, ta karɓa. Aka daina shigo da alade gaba ɗaya. Aka sayo sababbin tukwane ina kallo. Na sunsuna duk wata kwalba da ke gidan, wadda na ji warin giya aka fitar da ita. Akwai wani baƙin ruwa da suke zubawa a kusan komai, na ɗauki kwalbarsa na kai wa liman har gida. Ya ɗanɗana ya ce wannan ai daddawa ce ta narke, in tafi in bar shi ya huta.

Aikina bai da wuya. Da safe in yanka kaji da agwagi a bayan gida. Naman shanu kuwa ni nake zuwa mahauta a ƙetaren gada, in tsaya a yanka, in rako shi, in sa a firijin nama in kulle, makulli yana aljihuna. Da rana sai in zauna a kujera kusa da ƙofa, da hulata, a gefen akwatin gilashin da kifaye ke yawo a ciki. Duk Musulmin da ya shigo zai dube ni ya ce, "Malam, wa ya yanka?" In ce, "Ni na yanka." Shi ke nan. Da yamma in koma tukubata.

Kukun gidan wani tsoho ne siriri, kullum da karan sigari a bayan kunne. Ba ya jin Faransanci, ba ya jin Pidgin, kuma ba a shiga masa kicin. Ko madam a bakin ƙofa take tsayawa. Wata rana ya same ni a bayan gida ina cin awarar da matata ta soya mini, don ita sana'arta ke nan, tana yi tana sayarwa a cikin gida. Ya tsaya yana kallon kwanona har na miƙa masa. Ya ɗauki ɗaya ya tauna, ya rufe ido, ya daɗe bai buɗe ba. Madam ta ce mini irin abincin garinsu ne. Tun daga lokacin, kowace safiya nakan hau bensikin, wato babur ɗin haya, da bokitin ɗanyar awara fara tas a tsakanin ƙafafuna, in miƙa masa a bakin kicin. Na ɗauka ta cin kansu ce, ta kewar gida. Ban ƙara tunaninta ba.

Cikin waɗanda suka fara zuwa akwai wani Alhaji, maƙwabcinmu, mai sayar da tayoyin manyan motoci a Bassa. Mutum ne mai jiki, mai fara'a, mai son nama kamar me. Likita ya hana shi jan nama saboda hawan jini, Hajiyarsa kuma ta ɗauki maganar da zafi. Ta bi duk masu tsiren unguwa ɗaya bayan ɗaya, har da ni, ta ce duk wanda ya sayar masa ko tsinke ɗaya, ita da shi ne har gaban Allah. Alhaji ya rame a fuska, ya daina dariya.

Ranar da ya fara shigowa sai da ya waiwaya hagu da dama. Ya wuce can ƙurya bayan labule. A teburin da ke kusa da shi wasu Shinuwa biyu suna cin wani abu ja-ja-baƙi, yanka-yanka, cikin miya mai kauri. Ya nuna wa ma'aikaciyar gidan ya ce, "Irin wancan." Da aka kawo ya ɗaga murya daga inda yake.

"Malam, wa ya yanka?"

"Ni na yanka, ranka ya daɗe."

Ban tashi na duba farantin ba. Me zan duba? Duk naman gidan ta hannuna yake bi. Abin da ya dame ni a lokacin maganar Hajiya ce. Na je na tambayi liman ko wajibi ne in sanar da ita. Ya ce, "Sayarwa ta hana ka, ba ta hana ka zama a kujera ba." Ban gaya mata ba, Alhaji kuma ya mai da gidan abincin kamar gidansa. Watanni yana zuwa, yana cin abu ɗaya, yana mini tambaya ɗaya, ina ba shi amsa ɗaya. Idan ya gama sai ya wanke hannu da sabulu har gwiwa, ya jefa kanumfari a baki, ya fita ta ƙofar baya.

Sai damina ta yi ƙarfi. Hanyar arewa ta lalace, motocin shanu suka maƙale, nama ya yi wuya a gari. Na je mahauta na dawo hannu biyu, na sake zuwa na sake dawowa. Firijin nama ya zama ba komai a ciki sai kaji. Ni da kaina na wanke shi na kulle.

Cikin wannan hali Alhaji ya shigo. Ina nan zaune na ga an wuce da farantinsa, cike, yana tururi.

"Malam, wa ya yanka?"

"Ni na yanka, ranka ya daɗe."

Bakina ne ya amsa, don ya saba. Sai da maganar ta fita na ji ta da kunnena. Na taɓa aljihuna, makulli yana nan. Na tashi na je bayan gida na buɗe firiji. Kaji ne kawai, suna kwance yadda na bar su. Na dawo na tsaya a kan Alhaji ina leƙen farantinsa. Wannan ba kaza ba ce, ba kuma agwagwa ba.

Alhaji ya ɗago yana tauna. "Malam, Allah ya yi wa hannunka albarka. Wannan saniya ba ta taɓa taka ƙasa da ƙafarta ba. Ba jijiya, ba ƙashi, ba kitse. Ka san me? Ranar Juma'a bayan an sauko zan kawo liman da dattawan majalisa su ɗanɗana. Na gaya musu kai kake yankawa. Ko Hajiya ta ji labari, sai in ce rakiyar liman na yi."

Na ce, "To, ranka ya daɗe." Liman, wanda ya ce kada in shaidi abin da ban gani ba, zai zo ya ci abin da ban san ko mene ne ba, a kan maganata.

Madam ta yi tafiya ƙasarsu duba mahaifiyarta, ba wanda zai yi mini tafinta. Na tambayi ma'aikaciyar, wata mata 'yar Bassa mai saurin magana. Ta ce ita ɗauka take yi ta ajiye, ba ta tambayar faranti asalinsa. Na roƙe ta izinin ɗaukar yanka ɗaya daga abin da Alhaji ya rage. Ta ce in ɗauka. Na sake tambaya ko ta tabbata ba sata ba ce. Ta ce in ɗauka ko ta jefe ni da shi.

Na je bakin kicin na ɗaga yankan sama har kuku ya gani. Na kafa yatsu biyu a kaina na yi kukan saniya. Ya girgiza kai. Na yi kukan akuya, ya girgiza kai. Na yi na tunkiya, wanda ni kaina na san bai bambanta da na akuyar ba sosai, ya girgiza kai. Na nemi gafarar Allah, na tura hancina sama da yatsa na yi gurnani. Nan ya ɗaga hannu biyu da ƙarfi, ya nuna mini sababbin tukwane, ransa a ɓace. Na yi hamdala a zuciya. Amma saura da yawa.

Na yi haushin kare. Na yi kukan kyanwa. Na lanƙwasa hannu kamar maciji ina huci. Na tsuguna, da girmana da hulata, na yi tsallen kwaɗo daga bakin kicin zuwa wurin wanke hannu. Na miƙa hannuwa ina haɗa su kamar bakin kada. Kafin in ankara mutane sun taru a bayana. Ma'aikaciyar tana riƙe da ciki. Wani akawu daga Bonanjo, da laƙatayi a wuya, ya bar abincinsa ya zo yana ba ni shawara, yana kirana patiron, wato maigida.

"Ba ka gwada biri ba, patiron."

Na gwada biri.

"Beguwa fa?"

"Yaya ake yin beguwa?"

Ya ajiye jakarsa ya sunkuya, ya baza yatsu a gadon bayansa. Kuku ya dube mu mu biyu, ya jingina da bango yana dariya har hawaye. Da ya samu numfashi sai ya share ido, ya karɓi yankan daga hannuna, ya nuna shi, sannan ya dangwale ni a ƙirji da yatsa. Ya sake nuna yankan, ya sake dangwale ni.

Akawun ya ɗauki jakarsa a hankali ya koma teburinsa, ya ture farantinsa gefe.

Ban ce na yarda da abin da ya zo mini a rai ba, wato naman mutum ne. Na yi firamare, na san ba a yin haka a gidan abinci mai lasisi. Amma wasuwasi ba ya tambayar mutum ajin da ya kai. Na ƙulle yankan a leda, na fita ban yi wa kowa sallama ba.

Washegari na kai shi kasuwa wurin mahauta. Sarkin fawa, tsohon abokin mahaifina, ya shimfiɗa shi a kan katako, suka kewaye shi. Ba wanda ya yarda ya ɗanɗana. Suka sunsuna, suka ja, suka ɗaga shi a rana.

Wani da ya taɓa zama a Maroua ya ce, "Raƙumi ne."

"Kai, tafi can! Raƙumi yana da zare-zare. Wannan dubi, huji-huji ne kamar soson wanka."

"To huhu ne."

Sarkin fawa ya ce, "Huhun me?"

Aka kira wata mata mai sayar da naman daji a ƙarshen layi. Ta zo tana goge hannu, ta matsa shi da yatsa, ta ce da Pidgin ɗinta wannan bai taɓa kwana a daji ba, ta yi rantsuwa da kabarin uwarta. Daga ƙarshe aka gutsura aka jefa wa kyanwar rumfar, wadda ko tsumman goge wuƙa ta samu ci take yi. Ta zo ta sunsuna, ta ɗaga kai ta dube ni, ta juya ta tafi.

Sarkin fawa ya cire tabarau. "Ɗana, ka ce a ina aka ci wannan?"

"A gidan Shinuwa, Baba."

"Wa aka ce ya yanka?"

Na sunkuyar da kai. Sai ya ce Allah ya kyauta. Na ga yadda sauran suka dubi juna. Sunan da mahaifina ya bar mini, na san kafin la'asar zai zaga kasuwa a bakin mutane.

Na isa gida na tarar da matata a tsakar gida tana tace wake. Ta dube ni ta dubi ledar.

"Malam, me ke cikin ledar nan kake riƙe da ita nesa da jikinka?"

Na zauna a kan turmi na ba ta labari tun daga farko. Da na zo wurin tsallen kwaɗo sai ta ce in tsaya, ta ajiye abin tacewa, ta ce in maimaita mata yadda na yi. Na ƙi. Ta goge hannu ta karɓi ledar, ta fito da abin da ya rage. Ta juya shi, ta kankare miyar da farce, ta kai shi kusa da ido. Kafin in yi motsi ta jefa a baki.

"Innalillahi! Tofar! Ke, tofar!"

Ta ci gaba da tauna tana kallona. Ta haɗiye.

"Awarata ce," in ji ta. "Gishiri dai ya yi mata yawa."

"Wace irin awara? Awara fara ce."

"Kai ma fari aka haife ka." Ta ɗauko ƙyallen da take matse awara da shi, tsohon buhun fulawa ne. Ta nuna mini inda ya taɓa yagewa ta ɗinke da zare mai kauri. "Ka ga wannan ɗinkin? Duk awarar da ta fita gidan nan da shatinsa take fita. Yana nan a jikin naman naka, na gani kafin in ci. Kai ne fa kake kai musu kullum a bokiti."

Da safe na kai bokitin kamar kullum, amma ban sake shi ba. Na nuna awarar, na nuna teburin Alhaji. Kuku ya tafa hannu, ya kama rigata ya ja ni cikin kicin, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Ya buɗe wani ƙaramin firiji nasa, ga awarar jiya ta daskare kamar dutse. Ya jefa ta a ruwan zafi, ya matse ta da tafin hannu har ta zama soso, ya yanyanka, ya soya, ya kwarara mata baƙin ruwan nan. A gabana ta rikiɗe ta zama saniyar Alhaji. Ya sake dangwale ni a ƙirji, ya nuna bokitin. Ashe tun ranar abin da yake gaya mini ke nan, kai kake kawowa.

Na yi farin ciki daga bakin kicin zuwa kujerata. Ina zama wani tunani ya zo. Halal ne, babu shakka. Amma watanni ina cewa na yanka abin da ko wuya ba shi da shi. Wannan shaidar zur ce ko ba ita ba ce?

Na hau bensikin cikin ruwa har Bassa don in gaya wa Alhaji a keɓe. Na same shi a tsakiyar tayoyi, waya a kowane kunne, ana sauke kaya daga tirela.

"Ranka ya daɗe, maganar naman nan ce."

Ya sauke waya ɗaya. "Halal ne?"

"Halal ne, amma…"

"To alhamdulillahi. Sai Juma'a." Ya mai da wayar, ya miƙo mini goro, ya juya yana yi wa direba tsawa. Na tsaya har ruwa ya jiƙa ni, bai sake waiwayowa ba.

Matata ta ce in yi shiru. "Wa aka cuta? Yana ci yana jin daɗi, ni ina sayarwa, Shinuwa suna sayarwa."

"Liman zai tambaya."

"Sai tari ya kama ka."

"Tarin ƙarya?"

Ta ce, "Wayyo ni, Allah ya haɗa ni da aiki."

Ranar Juma'a aka haɗa tebura a tsakiyar gidan, ba bayan labule ba. Dattawa suka shigo da manyan riguna suna ƙamshin turare, har da sarkin fawa, wanda na san ba yunwa ce ta kawo shi ba. Ma'aikaciyar ta zagaya da buta da roba, yadda na koya mata. Wani dattijo ya ɗauki tsinkayen nan biyu da Shinuwa ke cin abinci da su, ya duba, ya ce tsinken tsire ne ba a fiƙe ba, ya ajiye. Aka kawo manyan faranti. Alhaji sai murmushi yake yi kamar shi ya dafa.

Liman ya naɗe hannun riga, ya miƙa hannu, sai ya tsaya. Ya nemo ni da ido.

"Malam, wa ya yanka?"

Alhaji ya ce, "Ai shi ne, Allah gafarta Malam, na gaya muku."

"Shi nake tambaya."

Tarin da matata ta ce in yi, na gaske ya taso, na danne shi don kada a ce na yi da gangan.

"Ba wanda ya yanka, Allah gafarta Malam."

Hannaye suka janye daga faranti a lokaci ɗaya. Wani ya ce, "Mushe?"

"Ba mushe ba ne. Awara ce. Ta gidana ce, ni nake kawowa. Duk lokacin da na ce wa Alhaji ni na yanka, ban duba ba ne. Ban yanka ba. Ba ta da inda za a yanka."

Sarkin fawa ya sa tabarau ya ɗauki yanka ɗaya, ya juya shi, ya ce a hankali, "Shi ya sa kyanwa ta ƙi."

Alhaji ya dubi farantin kamar wanda aka yi wa rasuwa. "Awara? Irin wadda mata ke ci da yaji a ƙofar gida?"

"Ita, ranka ya daɗe."

"Tun ranar farko?"

"Tun ranar farko."

Ya cire hula ya ajiye a kan tebur. "Jama'a, ku ji mini. Ni da ke fita ta ƙofar baya kamar ɓarawo. Na ci kanumfari har harshena ya mutu. Na ce wa Hajiya ina zuwa ta'aziyya, mutanen da na kashe da bakina a unguwar Yassa ba su da iyaka. Likita ya auna ni ya ce jinina ya sauka, ya miƙo hannu ya gaishe ni, ya ce in ci gaba da abin da nake yi. Na fito ina masa dariya a mota, na ce boko bai san komai ba. Ashe maganarsa nake bi! Da kuɗina! A ɓoye!"

Liman ya kai loma. Ya tauna a hankali, kafaɗunsa suna rawa. Ya ce, "Bisimilla, jama'a. Wannan dai ba mai tambayar wanda ya yanka." Aka fashe da dariya, aka sa hannu. Ba a bar komai a farantan ba. Alhaji kaɗai ne bai ci ba. Ya ce a kawo masa shayi.

Kafin magariba labari ya isa wurin Hajiya. Washegari ta zo gidanmu da turmin atamfa ta ba matata, ta ce kullum a aika mata da awara, ta kuma sa aka koya mata yadda kuku ke yi. Yanzu a gida ake ajiye wa Alhaji, a fili, da rana tsaka, Hajiya na zaune tana masa fifita. Ya ce mini ba ta da ɗanɗano ko kaɗan. Duk ranar da ya wuce ta gaban tukubata sai ya rage tafiya, ya shaƙi hayaƙi, ya ce, "Malam, da ka bar ni da saniyata."

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Na je na tambayi liman ko na zalunci Alhaji da na raba shi da abin da yake jin daɗi. Liman ya dube ni ya ce in tafi gida, kuma kada in dawo sai da tambayar da ta shafi gado.

Ina nan a gidan Shinuwa har yanzu. Sai dai na daina amsawa daga kujera. Duk wanda ya tambaya, sai na tashi na je na sunkuya a kan farantinsa, na duba, wani lokaci na ce a ba ni cokali in juya. Da madam ta dawo ta ce ina tsorata baƙi, amma ba ta hana ni ba. Kwanan baya wani baƙo ɗan kasuwa da ya zo daga Najeriya ya shigo tare da sarkin fawa. Na duba farantinsa na ce kaza ce, ni na yanka. Ya dube ni, bai sa hannu ba. Sarkin fawa ya tura masa farantin ya ce, "Ci kawai. Wannan da bai yanka ba, ko a gaban liman zai faɗa."

Na koma kujerata na zauna. Can sai na tashi na je bayan gida na duba firiji, don in tabbata kazar tana cikin waɗanda na yanka da safe.